Ahlus Suffa Na Bakin Ƙofarmu: Nasiha Game Da Waɗanda Ba Su Da Makwanci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya rufa mana asiri ba don mun fi kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, maraya wanda Ubangijinsa Ya ba shi matsuguni, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta tashi a zawiyarmu a Madawa cikin hunturun da ya wuce. Na san irinta tana tashi a Buza, da Keita, da Tamaske, da duk garin da yake da tasha da kasuwa.

Wata baiwar Allah ce da 'ya'yanta uku suka fara kwana a rumfar da ke gaban zawiya. Bayan kwanaki kaɗan wani tsoho ya zo ya shimfiɗa buhunsa a gefe, sannan almajirai suka biyo. Da asuba sai mun tsallake mutane kafin mu kai ga buta. Tabarmi suka fara wari, takalman wani suka ɓace. Wani dattijo daga cikinmu, ɗan kasuwar albasa, wanda da kuɗinsa aka yi rumfar, ya ce a sa ƙyaure da kwaɗo, a kuma kai ƙara ofishin magajin gari su zo su kwashe mutanen. Wani matashi, malamin makaranta, ya ce hukumar ce ma ya kamata a tuhuma, domin tana karɓar kuɗin kasuwa kowane mako amma ba ta gina ko ɗaki ɗaya na baƙi ba. Magana ta yi zafi har ranar aka tashi daga wazifa mutum biyun nan ba su yi musafaha ba. Wannan ya fi tayar mini da hankali a kan ɓatan takalma, domin kowa ya san yanke zumunta tsakanin 'yan'uwa yana cikin abubuwan da aka gargaɗe mu a kansu ranar da muka karɓi wuridi.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Bari mu ɗora maganar a kan ma'auni.

Su wane ne masu kwana a waje?

Kuskure na farko shi ne a haɗa su duka a kira su mabarata. Wanda ya zauna ya tambaye su zai tarar ba hanya ɗaya ta kawo su ba.

Akwai waɗanda bindiga ta koro. Tun daga shekarar 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallako iyaka saboda 'yan bindiga. Da farko jihar Maraɗi suka fi sauka, daga baya dubbai suka shigo ta ɓangaren Bangi a cikin gundumar Madawa. Yawancinsu mata ne da yara. Manoma ne masu rumbuna da awaki, dare ɗaya suka wayi gari ba su mallaki komai ba sai tufafin jikinsu. Mutanen ƙauyukan iyaka sun sauke su a gidajensu, Allah Ya saka musu, amma gida yana cika, kuma wanda bai samu wuri ba gari yake nufa.

Akwai waɗanda ruwa ya rushe wa ɗaki. Daminar 2024 ba za a manta da ita ba: bisa ƙidayar hukuma kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, ambaliyar kuma ta shafi kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi. Tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya faɗi a watan Satumba na wannan shekara. Har komawa makarantu aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama makwancin waɗanda gidajensu suka zube. Mu a nan mun san yadda korama take saukowa daga duwatsun Adar, da yadda ginin ƙasa yake narkewa in ruwa ya kwana a gindinsa.

Akwai waɗanda bida ta bari a baya. Samarin Adar sun daɗe suna tafiya Abijan da Legas da Libiya. Wani ya aiko, wani ya dawo, wani kuma shiru shekara biyar. Matarsa da tsohuwarsa, in hatsi ya ƙare a rumbu, ina za su nufa?

Akwai almajirai waɗanda aka kawo wa malami su fi ƙarfin zaurensa. Akwai kuma masu taɓin hankali da 'yan'uwansu suka gaji da su.

Maganin waɗannan duka ba zai zama ɗaya ba. Wanda ya ba mai ciwon ido maganin ciwon ciki bai yi jinya ba.

Abin da hukumomi suka gwada

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai mulki ita ce kora, kuma an gwada ta. A 2019 hukumomin Yamai sun hana bara a titunan birnin. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Kano ta yi haka, sannan da annobar korona ta shigo gwamnonin arewacin Najeriya suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta aika jirgi Dakar aka kwaso 'yan ƙasa fiye da dubu da ke bara a can, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance da Magarya. Duk wanda ya je Yamai ko Kano bayan haka ya ga ko titi ya rabu da masu miƙa hannu. Mutumin da aka mayar inda yunwa ta koro shi, ba tare da an taɓa yunwar ba, kuɗin mota kawai aka kashe a kansa.

Amma mu yi wa masu mulki adalci, domin addini ya hana mu zaluntar ko wanda muke fushi da shi. Asusun ƙaramar hukuma irin ta Buza ko Keita ba rijiya ba ce. Harajin kai ne, da tikitin kasuwa, da na tasha, da na dabbobi, da ɗan abin da gwamnati ta turo. Daga ciki za a biya ma'aikata, a yashe magudanar ruwa, a gyara azuzuwa da famfo. Wanda ya ce a fara da magudana bai yi maganar banza ba, domin magudanar da aka yashe a watan Mayu ita ce take hana gida ashirin faɗuwa a watan Agusta. Wanda kuma ya ce in aka gina gidan baƙi mutanen ƙauye za su kwararo, shi ma akwai abin dubawa a maganarsa. Tun daga watan Afrilu na 2024, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, babu kansilan unguwa da talaka zai tare a hanya ya faɗa wa damuwarsa. Wannan ya ƙara nauyi a kan sarakuna da limamai da muƙaddamai, domin su ne bakin da ya rage wa wanda ba shi da baki.

Ma'aunin da Manzon Allah ya bar mana

Madina ma ta ga irin wannan. Muhajirai sun baro gidajensu a Makka, Ansar suka raba su a tsakaninsu, har Allah Ya yabe su a Suratul Hashri da fifita baƙi a kan kawunansu alhali su ma suna cikin buƙata. Duk da haka an samu waɗanda ba su da gida, ba dangi, ba sana'a. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai tura su bayan gari ba. A cikin masallacinsa aka yi musu rumfa, ita ce Suffa. Sayyidina Abu Huraira, wanda ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi, ɗan wannan rumfa ne. Ya ba da labarin ya ga mutum saba'in daga cikinsu babu mai cikakkiyar sutura, wani da hannu yake riƙe mayafinsa don kada al'aurarsa ta bayyana. In sadaka ta zo, Annabi yakan aika musu duka. In kyauta ce, ya ci tare da su. Ya kuma umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku daga cikinsu, mai na huɗu ya tafi da na biyar. Kun san ƙissar ƙwaryar madara guda da ta ƙosar da su baki ɗaya, Abu Huraira yana zagayawa da ita yunwa tana cinsa, Manzon Allah kuma shi ya sha a ƙarshe.

Har mace ta zauna a wannan masallaci. Imamul Bukhari ya kawo labarin wata baiwa baƙar fata da aka 'yanta, ta musulunta, aka yi mata 'yar bukka a cikin masallacin, tana zuwa hira wurin Nana A'isha. Ya ɗan'uwa, ka tuna da ita in ka ga mace da goyo a rumfar zawiyarku.

Malamai da yawa sun ambaci cewa mutanen tasawwufi suna ganin asalinsu a wurin Ahlus Suffa. To, da wace fuska za mu yi alfahari da su a majalisin Mauludi, sannan mu sa wa magadansu kwaɗo da dare?

Game da dukiyar jama'a kuwa, ku dubi Sayyidina Umar a shekarar toka, shekara ta 18 bayan hijira. Fari ya kori mutanen ƙauye suka cika gefen Madina. Ya naɗa mutane a kowace kusurwa suna kula da su, ya sa aka ƙidaya masu ci, ya rubuta wa gwamnoninsa har ayarin abinci ya iso daga Sham. Ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun samu, launin jikinsa ya sauya. Da ruwa ya sauka, sai ya ba su guzuri ya mayar da su garuruwansu. Ku lura da jerin: ƙidaya, ciyarwa, sannan mayarwa bayan dalilin gudun ya gushe. Mu kuwa da mayarwar muke farawa.

Ibnu Hazmin, malamin Andalus, ya tafi a kan cewa wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansa idan zakka ba ta isa ba, shugaba kuma ya tilasta musu. Ya lissafa abinci, da tufafin sanyi da na zafi, da wurin zama da zai kare su daga ruwa da rana da idon masu wucewa. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan tushen siyasa, ya sanya raya garuruwa da kasuwanni da hanyoyi da ƙarfafa masu sana'a cikin aikin shugaba. Ke nan mai cewa a gina kasuwa da mai cewa a sauke baƙo ba abokan gaba ba ne. Shari'a ta nemi duka biyun, sai dai in rai yana cikin haɗari, rai ne a gaba.

Wani zai ce ai Musulunci ya hana bara. Haka ne, ya hana ga mai ƙarfi da ya mayar da ita sana'a, kuma wanda yake tura yara titi yana karɓar abin da suka samo zai yi bayani gaban Allah. Amma a hadisin Ƙabisa da Imamu Muslim ya ruwaito an halatta roƙo ga mutum uku, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda masifa ta cinye dukiyarsa, har sai ya samu abin tsayawa da ƙafarsa. Wanda ambaliya ta share, da wanda 'yan bindiga suka ƙone wa rumbu, ba su ne wannan ba? Kuma da wani Ba'ansare ya zo roƙo, Annabi ya sayar da 'yan kayansa dirhami biyu, ɗaya na abinci, ɗaya na gatari, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya ce ya je ya yi itace. Ya hana shi roƙo ne bayan ya damƙa masa gatari.

Darasin Keita

Dattawanmu sun ga gatarin nan da idonsu. Bayan yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, ƙasar Keita ta kusa zama kufai. A wannan shekara aka fara babban aikin Keita da tallafin ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutane, akasarinsu mata domin maza sun tafi bida, suka jera duwatsu a kan faƙo, suka haƙa ramuka a jikin tsauni, suka yi madatsan ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. A kwarin Majiya ta wajen Buza kuwa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. Ƙasar da ta mutu ta sake ba da gero, kuma iyalin da gonarsu ta farfaɗo ba su zo kwana a tasha ba. Saboda haka kuɗin da aka kashe a kan korama da faƙo a Garhanga ko Karofan, shi ma kuɗin makwanci ne, ko da ba a rubuta shi da wannan suna ba.

Rabon zuciya

Yanzu bari in bar hukuma in juyo kanmu, domin tarbiyya a nan take. Me kake ji a ranka lokacin da ka tsallake mai barci za ka shiga sahu? In ƙyama ce, to ka sani wuridin bai gama aikinsa a cikinka ba. Ya zo a hadisi ƙudusi cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa: Na yi rashin lafiya ba ka gaishe Ni ba, Na nemi abinci da ruwa ba ka ba Ni ba. Bawa zai yi mamaki, sai a sanar da shi wane ne ya nema, kuma da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Muna neman kusanci da carbi dare da rana, ga shi an gaya mana wani wuri da ake samunsa, mu kuma muna toshe hanci muna wucewa.

Ku tuna Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ma ya bar ƙasarsa saboda matsin masu mulki, ya isa Fas a 1798 yana baƙo, Sarki Maulaya Sulaimanu ya ba shi gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan kusa da mu, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Manyanmu sun ɗanɗani baƙunci. Muna shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar wazifa don girmamawa, muna fesa turare. Ka tambayi kanka yadda zai kasance a ce tsakanin wannan ƙyalle da yaron da ɗari yake kaɗawa bango ɗaya ne kawai.

Dattijon da ya ce a rufe ƙofa ma ba azzalumi ba ne. Tsarkin wurin salla wajibi ne, kuma cakuɗa mata da maza da yara a rumfa ɗaya cikin duhu ɓarna ce da shari'a ba ta yarda da ita ba. Gyaran wannan shi ne tsari: wurin mata daban, makewayi, da mai kula.

Abin da ke hannunmu

Na farko, kowace zawiya ta san masu kwana a unguwarta: sunansu, garinsu, abin da ya kawo su. Muƙaddami ya wakilta mutum biyu, mata kuma su je wa mata. Wanda ya zo daga ƙetaren iyaka a raka shi inda ake rajistar 'yan gudun hijira, mara lafiya a kai shi asibiti.

Na biyu, mu gyara zakkarmu. A mazhabar Malikiyya gero da dawa da wake in sun kai nisabi ana fitar da ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Albasa ba a fitar mata da zakkar amfanin gona, amma kuɗinta in ya kai nisabi ya shekara akwai zakka, kuma kwarin Tarka ba ƙaramin kuɗi yake kawowa ba. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin kaso takwas da aka jera a Suratut Tauba. Zakka haƙƙin mutum ce, a damƙa masa a hannu. Ginin ɗaki kuwa a yi shi da sadaka da wakafi.

Na uku, mai zaure da ba kowa a ciki, da mai kangon da ya kewaye yana jiran ƙasa ta yi tsada, ya ba da aronsa na hunturu ɗaya ko damina ɗaya.

Na huɗu, kada uba ya kai ɗansa karatu ya juya baya ba tare da tiyar hatsi da bargo ba, kada malami ya karɓi yaran da ba shi da inda zai kwantar da su.

Na biyar, mu je wa hukuma da ladabi da hujja, tare da sarakuna da sauran limamai, ba tare da duba ɗariƙar kowa ko ƙungiyarsa ba. Mu nemi a karanta wa jama'a kasafin kuɗin gari da Hausa, a ware fili a kan tudu ga waɗanda ruwa ya rushe wa gida maimakon su sake gini a bakin korama, a yashe magudanu kafin ruwan farko, kuma kada a tashi kowa daga inda yake kwana sai an nuna masa inda zai koma. Mu kuma mu biya harajinmu, domin wanda ya ɓoye buhunansa daga mai tikiti ba shi da bakin tambayar inda kuɗi suka tafi.

A zawiyarmu dai ba a sa kwaɗon ba. Dattijon nan da kansa ya ba da wani ɗakin ajiyar albasa da ya zauna ba kaya, matar da 'ya'yanta suka koma ciki, matashin kuma ya ɗauki nauyin rubuta sunaye da zuwa ofis. Tsohon ya rasu kafin zafi ya shigo, mu muka yi masa sutura, kuma har yau ba mu san danginsa ba. Almajiran suna nan, ba mu gama da tasu matsalar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na rubuto muku.

Ya Allah, don alfarmar Annabin rahama, Ka mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa cikin aminci. Ka kawo ƙarshen zubar da jini a ƙasashenmu. Ka ba shugabanninmu tausayin talakawa da tsoron haɗuwa da Kai. Ka ba mu damina mai albarka wadda ba ta rushe ɗaki. Ka cire ƙyamar bayinKa daga zukatanmu, Ka haɗa kan 'yan'uwa, kada Ka hana mu inuwarKa ranar da babu wata inuwa sai ita. Allah Ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.